Asalin Kalmar "Mutu" da Danginta a Harsunan Cadi

Malamai da yawa, idan an tambaye su asalin kalmar "mutu", sukan amsa cewa aro ce daga Larabci, su kafa hujja da "mata", "yamutu" da "maut". Kamannin a fili yake. Amma kama ɗaya ba ta isa hujjar aro, domin harsuna biyu kan gaji kalma ɗaya daga kaka guda.

Ƙasar Yawuri ta jihar Kebbi ta isa misali kan bambancin maƙwabtaka da dangantaka. A Yelwa da kewayenta ana jin Hausa tare da harshen Gungawa, wato Reshe, da na Kambari da na Shangawa. Tun kafin a kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, wadda ta tashi Gungawa daga tsibiransu, Hausa ta shiga bakin mutanen nan, har wasu suka bar harshen iyayensu. Duk da wannan cuɗanya, harsunan ba dangin Hausa ba ne. Reshe da Kambari suna rukunin Kainji na Benuwai-Kwango, babban gidan da Yarabanci yake ciki, inda ake cewa "ku" a wannan ma'ana. Shanga kuwa ɗan Mande ne. Kalmar Hausa da aka ji a bakinsu aro ce.

Sai an nufi gabas ake samun dangin na jini. Bolanci yana da "motu", Ngizim "mətu", Angas da Mwaghavul na Filato kuwa "mut". Waɗannan na ƙarshe ba su yi zaman da Hausa ta yi da Larabci ba, don haka da wuya a ce can suka aro. Joseph Greenberg, a 1950 da kuma 1963, ya sanya harsunan Cadi cikin babban gidan Afro-Asiya, kuma a 1977 Paul Newman ya sake gina tsohuwar saiwar a matsayin *mətə. Baƙaƙen nan biyu, m da t, su ne a Ibrananci "mut", da tsohon Misiranci "mwt", da harsunan Berber "emmet". Ashe Larabci ɗan'uwa ne a nan, ba mai ba da aro ba.

Nahawun kalmar ma yana ba da shaida. "Mutu" aikatau ne ƙi-karɓau, karin sautinsa sama-ƙasa, kuma bai shiga azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya tsara a 1960 ba. Yana tare da bauɗaɗɗu irin su "gudu". Kada wasalinsa na ƙarshe ya sa a haɗa shi da "rasu" ko "taru" na aji na bakwai, waɗanda karinsu ƙasa-sama ne. Abin lura shi ne saiwar tana da fuska biyu, mut- da mat-. Ta farko ta ba da "mutuwa". Ta biyu ta ba da "matattu" da "mamata", sannan inda t ta zo kafin e ko i sai ganɗantawa ta mayar da ita c: "mace", "matacce", "mamaci", "mace-mace". Baƙuwar kalma ba kasafai take yin rassa haka ba. A gwada ta da aron gaske na wannan fage: "ajali", "wafati", "jana'iza", "kabari", da "likkafani" da "lahira" waɗanda har yau suke ɗauke da ragowar "al-" ta Larabci. Dukkansu sunaye ne, kuma addini ne ya kawo su.

Ta fuskar ma'ana, kalmar ta yi faɗi ƙwarai. Wuta takan mutu, aure yakan mutu, haka kasuwa da jiki da zuciya. Wataƙila wannan faɗin ne ya sa ta yi kaushi a wurin ta'aziyya, inda Bahaushe yakan zaɓi "rasu", daga "rasa", ko ya ce wane ya riga mu gidan gaskiya. Akuya dai ba ta rasuwa, sai ta mutu.