Bagaruwa da miki: ƙarfin da ke cikin kwasfa da iyakarsa

Duk wanda ya bi rumfunan masu sayar da sassaƙe da saiwa a kasuwar Gujungu, cikin ƙaramar hukumar Taura, da wuya ya rasa tulin bagaruwa. Majema na sayenta don jima, wanzamai sun daɗe suna barbaɗa garinta a kan kaciya, mai jego kuma a dafa mata ta zauna a ruwan. Aikin ya bambanta, amma sinadarin da ake nema guda ne, wato tanin, wanda ya cika kwasfar bagaruwa har yake ɗaure harshen wanda ya tauna.

Tanin yana kama furotin ne ya tamke shi. A wurin majemi, wannan kamun ne ke hana ƙirgi ruɓewa ya mayar da shi fata mai ƙarko. A kan miki kuwa, yana matse ƙananan jijiyoyin jini, ya tsane ruwan da ke tsattsafowa, ya yi wani siririn ɓawo a sama. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna ruwan kwasfar yana danne wasu ƙwayoyin cuta masu kawo mugunya. Ke nan kakanni ba shaci-faɗi suka yi ba. Idonsu ya ga abin da na'ura ta zo ta tabbatar.

Sai dai tarihin likitanci yana da darasi a nan. A 1925 wani likita a birnin Detroit na Amurka, Edward Davidson, ya fara shafa tanin a kan ƙuna. Hanyar ta bazu a asibitocin duniya, domin tana busar da ciwo tana rage raɗaɗi. Zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka lura cewa wasu masu babbar ƙuna da aka yi wa wannan magani suna mutuwa da lalacewar hanta, kuma mugunya kan taru a ƙarƙashin ɓawon ba a gani. Daga nan aka watsar da ita. Abin da ya dace da yankan lauje a ɗan yatsa ya zama haɗari da aka shimfiɗa shi a faffadan jiki wanda fatarsa ta saɓule.

Sauran tsirran da aka sani haka lamarinsu yake, kowanne da amfaninsa da sharaɗinsa. Man kaɗanya yana ɗauke da sinadarai irin su lufiyol masu sassauta kumburi, yana kuma hana fata bushewa, don haka ya fi kyau a kan tabon da ya riga ya rufe. Ganyen lalle yana da lawson, mai ba shi ja, wanda ke yaƙar wasu ƙwayoyin cuta, amma yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jinin jariri mai ƙarancin sinadarin G6PD, matsalar da ta yawaita a Afirka ta Yamma. Nonon tumfafiya kuwa yana cin fata, in ya shiga ido yana iya lalata gani.

Inda tsiro ya zama maganin asibiti, aikin tacewa da awo aka yi masa. A 2012 Tarayyar Turai ta amince da NexoBrid, wanda aka tato daga karan abarba, don cire mataccen nama daga ƙuna. A 2016 ta amince da wani man shafawa da aka haɗa daga ɓawon wata bishiyar ƙasashen sanyi, mai sinadarin betulin, ɗan'uwan lufiyol ɗin da ke cikin kaɗanya. Kafin a kai ga haka an kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsu, an tsayar da ƙima, an gwada a kan marasa lafiya. Garin da aka shanya a ƙasa inda awaki ke kai-komo, aka daka a turmin gida, bai bi ko ɗaya daga waɗannan matakai ba. Ƙwayar cutar sarƙe haƙora a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma miki mai zurfi shi ne ƙofarta.

Mutanen Taura sun ga iyakar maganin gida da idonsu a daren 15 ga Oktoba, 2024, lokacin da tankar fetur ta kife ta kama da wuta a Majiya. Fiye da mutum 150 suka rasu, aka kwashi masu ƙuna zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da wasu wurare. Mai irin wannan ƙuna ruwan jikinsa ke tsiyayewa, abin da zai cece shi a sa'o'in farko shi ne ƙarin ruwa ta jijiya da kariya daga ƙwayoyin cuta. Babu sassaƙen da zai yi wannan aiki.

Saboda haka ma'aunin a fili yake. Ƙaramin yanka a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi na kimanin minti 20, kada a shafa manja ko toka ko ɗanyen ƙwai. In ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko tana fuska ko al'aura, sai asibiti. Haka nan mikin mai ciwon suga, da sukan ƙusa ko ƙaya mai zurfi, da gyambon da ya fara wari.

Sauran aikin na masu bincike ne. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da cibiyar NIPRD ta Abuja, wadda ta taɓa fitar da maganin sikila Niprisan daga tsirran gida, suna iya zama da wanzamai da masu magani, su auna tanin ɗin bagaruwar Jigawa, su tsayar da ƙimar da ba ta cutarwa, su gwada ta yadda ya kamata, sannan a nemi rajistar NAFDAC. Ta haka ne mai magani zai san nawa zai ba, kuma ga wane irin ciwo.