MAI CIKI DA SHAN SASSAƘE: HANTAR JARIRI CE KE FARA KARƁA



Maigida, yau da kai nake, don kai ne ke sayo ƙullin magani a kasuwa ka miƙa wa iyali. Na tsufa cikin wannan sana'a, kuma abin da ya fi tayar min da hankali shi ne in ji an ce "ai ganye ne, ba ya cutarwa". Wallahi yana cutarwa, musamman ga mai juna biyu.

Abin da uwa ta sha yana shiga jininta, ya ratsa mabiyiya, ya bi igiyar cibiya, kuma hantar jariri ce tashar farko da jinin ke isa. Hantar nan ba ta ƙosa ba, ba ta iya tace dafi kamar ta babba. A 1988 likitoci a ƙasar Suwizalan sun ba da rahoton wata jaririya da jijiyoyin hantarta suka toshe har ta rasu. Da aka bincika, uwar ta riƙa shan shayin ganye kullum tana da ciki, ita kuwa lafiyarta ƙalau.

Irƙus-sus, saiwar nan mai zaƙi da ake jiƙawa a Masar da azumi, wasunmu kuma suna zubawa a haɗin tari. Akwai wani sinadari a mabiyiya da ke tare sinadarin damuwa na uwa kada ya yi wa ɗan tayi yawa, irƙus-sus kuwa yana raunana shi. Shi ya sa hukumomin lafiya a Finlan suka shawarci masu ciki su guje shi.

Hulba da habbatus sauda fa? Falalar habbatus sauda ta tabbata a hadisi, ban musa ba. Amma ɗan barbaɗawa a abinci daban, shan manta cokali-cokali daban. Hulba mai yawa tana saukar da sukari, tana iya motsa mahaifa. A jira sai an sauka.

Ga wanda mutane ba sa so in faɗa: zuma da dabino. Albarkarsu ba ta hana su ɗaga sukari. Idan sukarin mai ciki ya hau, jariri yakan yi girman da zai wahalar da haihuwa, kuma ya taso da haɗarin ƙiba da ciwon sukari. Ana gwada wannan a awon ciki tsakanin mako 24 zuwa 28. Ka kai ta, Maigida.

Sai ajiya. Gyada, masara ko garin magani da ya yi danshi ya yi fumfuna yana ɗauke da guba mai suna afalatokzin, mai lalata hanta, kuma tana ratsa mabiyiya. Dafuwa ba ta kashe ta. A tsince ruɓaɓɓiyar gyada kafin a dama kunu, garin da ya yi wari a zubar.

Uwargida, ki ci zogale a miya da kwaɗo, ki sha ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ki a asibiti. Duk haɗin da ba a faɗa miki abin da ke ciki ba, ko daga hannuna ya fito, ki ajiye. Idan kuma jariri ya zo idonsa ya yi rawaya, kada a ɗura masa jiƙon shawara, a kai shi asibiti a ranar.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, amin.