Iyakar Abin da Tarihi Zai Iya Faɗa Game da Linjila

Sabon Alkawari da ake karantawa da Hausa a majami'un Miri da sauran unguwannin Bauchi, cikin Littafi Mai Tsarki da aka fara bugawa cikakke a 1932 bayan aikin Dakta Walter Miller na Wusasa da abokan aikinsa, tushensa rubuce-rubucen hannu ne na Helenanci, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ya fito daga alƙalamin marubucin farko. Kwafe-kwafe sama da 5,000 ne suka rage, kuma guntun da ake yawan ɗauka a matsayin mafi tsufa, wanda ke ɗauke da 'yan ayoyi daga sura ta 18 ta Yohanna kuma aka adana shi a Mancesta ta Ingila, bai kai tafin hannu ba, ana kuma kyautata zaton an rubuta shi a ƙarni na 2.

A nan ne falsafar tarihi, wato binciken yadda ake sanin abin da ya wuce da kuma gwargwadon amincin wannan sani, take shigowa, domin masanin tarihi bai ga abin da ya faru ba, sawunsa kawai ya tarar. Ibn Khaldun ya nuna tun a 1377 cewa amincin mai ruwaya kaɗai bai isa ba, sai an gwada labarin da yadda al'amuran mutane ke gudana. Ernst Troeltsch na Jamus kuwa ya kafa ƙa'idoji uku a 1898: hukuncin tarihi rinjayen zato ne wanda sabuwar hujja za ta iya sauyawa, ana auna abin da ya shuɗe da irin abin da aka saba gani, kuma kowane lamari yana ɗaure da abin da ya gabace shi.

Ƙarshen Linjilar Markus ya nuna amfanin wannan hanya. Manyan kundaye biyu na ƙarni na 4, na Sina'i da na Batikan, sun tsaya ne a sura ta 16 aya ta 8, inda matan da suka je kabarin Yesu suka gudu daga wurin a tsorace, alhali yawancin kwafe-kwafen baya suna da ƙarin ayoyi 12 da salonsu ya bambanta da na sauran littafin, abin da ya sa galibin masana ke ganin an ƙara su ne daga baya.

Batun mu'ujiza ya fi wuya. Tarihi zai iya nuna cewa Bulus, a wasiƙarsa ta farko zuwa ga Korantiyawa wajen shekara ta 54, ya ruwaito labarin tashin Yesu daga matattu a matsayin abin da shi ma ya karɓa daga waɗanda suka riga shi, wanda ke tabbatar da tsufan imanin, amma ba aukuwar abin ba. Masanin tauhidi Wolfhart Pannenberg ya soki ƙa'idar Troeltsch ta biyu da cewa tana yanke hukunci tun kafin a saurari shaidu, sukar da ke da nauyi, sai dai wanda ya yi watsi da ƙa'idar dole ne ya buɗe ƙofa ɗaya ga mu'ujizojin da kowace al'umma ta ruwaito.