Gizo a Ɗaka, Buhari a Zaure

A ƙasar Haɗejiya hira ba ta daɗi sai gero ya shiga rumbu, ruwan fadama ya fara ja da baya, sanyin hunturu ya sauko. A lokacin ne yaran Kafin Hausa da na Bulangu ke tattaruwa a ɗakin tsohuwar gida bayan an ci tuwon dare. Ita tana murza mazari ko tana ɓarar gyaɗa, jikoki sun kewaye ta, kowa ya ƙudundune cikin zane. Da ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," sai ɗaki ya ɗauka, "Ta zo mu ji ta."

Gwanar tatsuniya a wajen Gizo ake gane ta. Sai ta karya harshe ta yi tsamin bakinsa, yana yi wa Ƙoƙi rantsuwa bai taɓa abincin ba alhali ga miya a gemunsa, yara suna birgima don dariya. In kuwa aka zo inda kishiya ta aiki 'yar bora rafi, sai murya ta sauka, a bar ɓarar gyaɗar. Mu 'ya'yan bakin kogi, rafin nan ba na nesa ba ne a wurinmu. Shi ne wanda iyayenmu mata ke wanki a cikinsa. Kowane gurbi mai zurfi akwai labarin masu shi, kuma tsoron 'yan ruwa ya hana yara da yawa faɗawa inda bulala ba za ta hana su ba.

Da rana ba a yi. Wasu tsofaffi suna cewa mai tatsuniya da rana zai ɓata a hanya, wasu kuma suna cewa dabara ce kawai ta manya don kada aikin gida ya tsaya. Wanda ya matsu sai ya ƙulle tsinke ko bakin zane, ya ce ya ɗaure Gizo. Har yau ban ga inda aka raba wannan gardama ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne rufewa: ƙurunƙus, sannan mai bayarwa ta faɗa da bakinta cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. A ce, "Iya, a ƙara mana ɗaya." Ta ce, "Ku tashi, gobe ma dare ne."

A zaure kuwa, bayan sallar isha, hirar maza daban take, don a can ba mai cewa ƙarya yake yi. A nan za ka ji yadda Bayajida ya bar matarsa a Garun Gabas ta haifi Biram, da labarin maharbi Haɗe da matarsa Jiya, da bugun ƙirjin mutanen Auyo cewa garinsu ya girmi Haɗejiya, ko da yake harshen Auyokawa ya ɓace. Amma ba wanda ke sa a ɗaga murya kamar Sarkin Haɗejiya Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato, ya tarwatsa rundunar da aka turo masa a Kafur, ya rasu a yaƙin ƙasar Bade a 1863. Wani dattijo ya kira shi azzalumi, wani ya ce namiji ne, sandar kowa tana dukan ƙasa. Sai an zo kan Sarki Muhammadu da Turawa suka kashe a 1906 ne baki ke zama ɗaya.

An yi ƙoƙarin adana wannan gado. Frank Edgar ya buga littattafai uku na tatsuniyoyi tsakanin 1911 da 1913, daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya shigar da su ajin firamare. Sai dai takarda ba ta iya tsamin bakin Gizo, ba ta kuma jiran a amsa mata.

Yau hirar zaure ba ta mutu ba, waya ta koma. Samarinmu suna kwana a Facebook suna musu kan ko an taɓa yin Bayajida, ko wane gari ne ya riga wani kafuwa, da zafin da kakanninsu ke yi. Ɗakin tsohuwa ne ya yi shiru, yara suna can sun dunƙule kan fim ɗin Indiya mai fassara. Wannan ce asarar da ta fi yi mini ciwo. Yaron da ya tashi yana jin kakarsa ta shirya ƙarya mai daɗi, sannan ta sanar da shi cewa ƙarya ce, ya koyi auna magana kafin ya haɗiye ta. Masu musun yanzu da yawansu ba su zauna a wannan makaranta ba, shi ya sa duk abin da aka rubuto musu suke ɗauka tarihi.