TABON DA YA ƘI TSAYAWA: ABIN DA MASANA SUKA GANO

A Sabo ta Ibadan ko Agege ta Ikko ba wuya a ga mutum da wani ƙullun nama mai sheƙi a kunne, ko ƙirji, ko ƙeya. Sau da yawa mafarinsa ɗan abu ne: hujin kunne, ƙurjin aski, tsaga ko ƙuna. Likitoci suna kiran wannan tabo kiloid. Wani likitan Faransa, Alibert, shi ya yi bayaninsa a 1806, sunan kuwa daga kalmar Girkanci ne mai nufin hannun ƙaguwa. Ya fi kama baƙar fata, musamman matasa, yana kuma bin jini.

To, me ke kawo shi? A cikin fata akwai ƙananan ƙwayoyin halitta, ana ce da su faiburobilas. Su ne masaƙan jiki, suna saƙa wani zare mai ƙarfi, watau kolajin. Amma ba sa aiki sai da umurni. Masu kai umurnin su ne sinadaran girma, waɗanda Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen suka sami kyautar Nobel a 1986 saboda gano na farkonsu.

Da zarar an ji rauni, ƙwayoyin daskarar da jini sukan saki irin waɗannan sinadarai. Ɗaya, PDGF, ya kira masaƙan wurin, ya sa su yawaita. Wani kuma, TGF-beta, ya maƙale a jikin ƙwayar, daga nan wasu 'yan aike da ake kira Smad su kai saƙo can tsakiyarta, a fara saƙa. Idan rauni ya rufe, sai umurni ya tsaya, masaƙan da yawa su mutu. A kiloid kuwa umurnin ba ya yankewa, sai zare ya yi ta taruwa har ya wuce iyakar raunin.

Wannan saƙa ba a fata kaɗai take ɓarna ba. Ita ce ke taurara hanta bayan doguwar cuta, haka nan huhu. A 2014 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da nintedanib, maganin da ke toshe ƙofar wasu sinadaran girma don rage saurin taurarar huhu.

Abin lura shi ne, yanke kiloid kawai yakan sa ya dawo, wani lokaci ma ya fi na da, domin yanka sabon rauni ne. Saboda haka likitoci kan haɗa da allurar tiramsinolon a cikin tabon, ko ɗauri mai matsewa, ko gashi bayan aiki. Wanda ya san ana wannan tabo a gidansu, ya guji tsaga da ƙaho da hujin da ba dole ba. In ya ga tabo yana tasowa da ƙaiƙayi, ya nufi likitan fata tun yana ƙarami, kada ya kai wa wanzami.