Yadda Mai Sa Faifai Ke Zaɓen Kiɗan Masana'antu Don Rawa

A manyan biranen Turai da Amurka akwai gidajen rawa da yawa inda ba a gayyatar makaɗi ko maroƙi. Mutum ɗaya ne kan tsaya a wani ɗan dandamali da garmaho biyu a gabansa, yana sa faifai bayan faifai tun daga ƙarfe goma sha ɗaya na dare har asuba. Shi ne a ke kira dije, watau mai sa faifai. Wanda bai sani ba sai ya ce wannan ai ba aiki ba ne, tun da kiɗan na waɗansu ne, nasa ɗorawa kawai. Amma fa ran da ya yi zaɓen banza, nan da nan fili zai watse, masu rawa su koma gefe su zazzauna, mai gida kuwa ba zai sake kiransa ba. A cikin kaɗe-kaɗen da a ke sawa a irin waɗannan gidaje da wuya a sami wanda ya kai kiɗan masana'antu wuyar zaɓe, domin tun asali ba don rawa aka ƙago shi ba.

Sunan daga Ingila ya fito. A 1976 wata ƙungiya ta mutum huɗu mai suna Throbbing Gristle ta kafa ɗan kamfaninta na buga faifai a Landan, ta sa masa suna Industrial Records, watau faifan masana'antu. Sunan kamfanin nan ne ya bi kiɗan har yau. Ba su yi nufin faranta wa kowa rai ba. Su kan gama ƙugin injuna da tsuwwar lantarki da muryoyin mutane da suka ɗauka a rikoda, su tsananta ƙara har mai sauraro ya rasa sukuni. A Sheffield, garin da ya yi suna wajen aikin ƙarfe, 'yan Cabaret Voltaire tun 1973 su ke yanka zaren rikoda suna liƙawa. A Balin ta Yamma kuma, a 1980, aka kafa Einstürzende Neubauten, waɗanda kayan kiɗansu su ne guduma da injin huda bango da tarkacen ƙarfe. 'Yan Test Dept na Landan ma haka, duro-duro da tsofaffin ƙarafa su ke duka, har suka yi ta wasa don taimakon masu haƙar kwal a lokacin yajin aikinsu na 1984 zuwa 1985.

Bahaushe ba zai yi mamaki ba in an ce kayan aiki suna kiɗa. Ya san luguden mata a turmi, ya san amon guduma a kan uwar maƙera. Sai dai lugude yana da bugu madaidaici wanda ƙafa ke iya bi, yawancin faya-fayan farko na wannan kiɗa kuwa ba su da shi. Kunne ya kan ji su, ƙafa ta rasa inda za ta taka.

To, saboda haka in dije ya ɗauki faifai a kanti ko a gida, ba hayaniyar da ke sama ya ke saurare ba. Can ƙarƙashinta ya ke kasa kunne, ko zai ji babbar ganga tana faɗuwa sau huɗu sau huɗu ba fashi. In ya same ta, sai ya ƙirga. Dabarar dā ita ce a duba agogo, a ƙirga bugu cikin daƙiƙa 15, a riɓa sau huɗu, shi ke nan an san bugu nawa ne a minti. Injunan yanzu da kwamfuta su kan nuna adadin da kansu, amma hayaniyar ƙarfe ta kan ruɗe su wani lokaci, don haka mai hankali ya kan tabbatar da kunnensa. Galibin faya-fayan da ke tā da mutane tsaye suna tsakanin bugu 110 da 135 a minti. Ko a cikin na Throbbing Gristle ɗin ma akwai wanda ya ci wannan jarrabawa, watau "Hot on the Heels of Love" na 1979. Amma irinsa tsintuwa ce.

Abin da ya sauƙaƙa wa masu sa faifai aiki shi ne shigowar injin ganga, da wani injin mai maimaita 'yan muryoyi kaɗan ba gajiya. A 1981 ƙungiyar DAF ta Jamus, mutum biyu rak a lokacin, ta fitar da "Der Mussolini", ba kome a ciki sai ganga da wannan inji da murya mai ba da umurni. 'Yan Front 242 na Beljiyam suka ɗora a kai, har a jikin faifansu na 1984 mai suna No Comment suka kira abin da su ke yi kiɗan lantarki na jiki. Nitzer Ebb na Ingila suka fito da "Join in the Chant" a 1987, Front 242 kuma da "Headhunter" a 1988, kamfanin Wax Trax! na Shikago yana ta kai irinsu ga Amurkawa. Waɗannan su ne tuwon dare. Hayaniya zalla kuwa yaji ce. Ba a cin tuwo lami, amma ba a taɓa jin wanda ya ƙoshi da yaji ba.

Samun faifai mai kyau rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne ko zai yarda a haɗa shi da ɗan'uwansa, don masu rawa ba sa son su ji inda wani ya ƙare wani ya fara. Garmahon da dije suka daɗe suna amfani da shi, watau Technics SL-1200 MK2 wanda aka fito da shi a 1979, yana da wani ɗan maɓalli da a ke turawa gaba ko baya, ya ƙara wa faifai sauri ko ya rage masa har kashi 8 cikin 100. Ke nan faifai mai bugu 120 ana iya janyo shi ƙasa zuwa wajen 110, ko a kai shi sama kusa da 130, iyakarsa ke nan. Wanda ya ke son ya sa "Closer" na Nine Inch Nails, na 1994, mai bugu wajen 90, ba zai iya liƙa shi a wutsiyar "Headhunter" ba. Sai ko ya tsai da kiɗa ɗungurungum ya sake sabon lale, wannan kuwa ba a yinsa sau da yawa a dare ɗaya.

Har wa yau ya kan duba kan faifai da wutsiyarsa. Manyan faya-fayai masu faɗin inci 12 da a kan buga don gidajen rawa su kan fara da ganga tsura, su ƙare da ita, don a sami wurin haɗawa. Dije ya kan ƙirga bugu 32, watau daƙiƙa 16 in ana tafiya a kan 120, sa'an nan ya shigo da sabon faifai daidai kan gaɓa. Faifan da ya fara da kururuwar minti biyu ba shi da wannan ƙofa. Kuma tun da mawaƙan wannan kiɗa tsawa su ke yi, in muryoyi biyu suka hau kan juna sai abin ya zama kamar faɗa a kasuwa. Akwai wata wahala kuma da sabon shiga ba ya lura da ita. Inji ba ya sauri ba ya nawa, amma hannun ɗan Adam da ke dukan ƙarfe ya kan ɗan gaggauta ya kuma ɗan sassauta. Shi ya sa faya-fayan masu guduma, ko da ya ke su ne ainihin abin, sun fi kowanne gardama a hannun dije. A cikin na Einstürzende Neubauten wanda aka fi kai wa filin rawa shi ne "Yü-Gung" na 1985, wanda Adrian Sherwood ya sake gyara wa sauti.

Wani abu da ya faru a Beljiyam ya nuna ba a yanke wa faifai hukunci da ji ɗaya. A 1986 ƙungiyar A Split-Second ta fitar da "Flesh", an buga shi don ya juya sau 45 a minti. Sai wani dije ya sa shi a kan juyi 33, ya tura maɓallin nan har ƙarshe. In an yi lissafi, faifan yana juyawa sau 36 ke nan a minti maimakon 45, watau saurinsa ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar. Ganga ta yi nauyi, murya ta yi kauri kamar daga cikin rijiya. Ashe abin da mutane ke so ke nan! In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake: matasa suka riƙa cika gidajen rawa irin su Boccaccio kusa da Ghent suna wata rawa a hankali, aka sa wa salon suna New Beat, makaɗa kuma suka koma suna buga sababbin faya-fayai a kan wannan nawa da gangan.

Game da tsarin dare, ba wani asiri. A kan fara da masu nauyi da tafiyar hawainiya tun fili bai cika ba, a ajiye sanannu sai tsakar dare, baƙon faifai kuma a cusa shi tsakanin sanannu biyu don kada mutane su sami zarafin zama. Ita hayaniya zalla minti ɗaya ko biyu ya isa. Tsinin amon ƙarfe yana gajiyar da kunne da wuri, hukumar NIOSH ta Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata kuwa ta ce ƙara mai ƙarfin desibel 100 bai kamata a jure mata fiye da minti 15 a yini ba.

Sa'an nan kowane gida da mutanensa. A Slimelight na Landan, wanda aka fara a 1987, masu baƙaƙen tufafi sun san tsofaffin faya-fayan nan kamar yunwar cikinsu. A gidajen tekno na Balin kuwa an fi son ganga da ƙugi, murya kaɗan. Wani taron kuma ba ya motsawa sai ya ji garayar Turawa mai lantarki irin ta Ministry. Masu tsattsauran ra'ayi su kan ce da zarar garaya ta shiga ba kiɗan masana'antu ba ne kuma. Wannan gardama ta kantin faifai ce, filin rawa bai san da ita ba.

Akwai dai abu ɗaya da ƙirga ba ta warwarewa, shi ne maganar da ke cikin waƙa. Tun farko masu wannan kiɗa sun saba wasa da kayan soja da hotunan mulkin kama-karya don su girgiza mutane. "Der Mussolini" ya mai da sunayen Mussolini da Hitler sunayen rawa, mawaƙin kuwa, Gabi Delgado, haifaffen Sifen ne da iyayensa suka yi ƙaura zuwa Jamus, yawancin masu ji kuma ba'a suka ɗauke shi. 'Yan Laibach na Slobeniya, tun 1980, sun bar jama'a cikin shakka da gangan. Amma a gefen wannan kasuwa akwai waɗanda ba wasa su ke yi ba, gangarsu kuwa tana faɗuwa sau huɗu daidai kamar ta kowa. A Jamus doka ta hana nuna alamun 'yan Nazi da furta takensu a bainar jama'a. Waɗansu daga cikin waɗannan waƙoƙi da Jamusanci a ke yinsu, murya kuma a shaƙe cikin inji, har mai jin harshen ma sai ya kasa kunne sau biyu. Dijen Landan ko na Shikago da ya sami baƙon faifai mai daɗin bugu ya kan nemi rubutattun kalmominsa, ko ya kai wa abokinsa Bajamushe ya saurara, kafin ya sa shi cikin akwatin da zai tafi da shi ran Asabar.