Yadda Ake Lissafin Filin Da'ira

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ɗalibai da yawa kan zo darasin yamma da aikin gida na lakkol a hannu, kuma abin da ya fi ba su wahala shi ne lissafin da'ira. Iyaye ma su saurara, domin lissafin nan yana shiga aikin masallaci da na gida.

Da farko a san sunaye uku. Kewaye shi ne tsawon bakin da'ira in an zagaya shi, kamar bakin faifai. Faɗi shi ne layin da ya tashi daga baki zuwa baki ta tsakiya. Rabin faɗi kuwa daga tsakiya ne zuwa baki. Fili shi ne dukan abin da ke ciki, wurin da za a daɓe ko a shimfiɗa wa tabarma.

Ka ɗauki zare ka zagaya bakin faifai, sannan ka gwada zaren da faɗin faifan. Za ka ga ya yi faɗin sau uku da ɗan ƙari. Kowace da'ira haka take, babba ko ƙarama. Wannan adadi shi ake kira pi (π), kuma a lakkol ana ɗaukarsa 3,14 ko 22/7.

Ƙa'idar fili ita ce: rabin faɗi sau rabin faɗi, sau pi.

To me ya sa? A ce ka yanka faifan tsinin-tsinin daga tsakiya, yadda ake yanka kankana, sai ka jera yankan, ɗaya tsini sama, ɗaya tsini ƙasa. Zai fito kusan kamar fili mai kusurwa huɗu: tsayinsa rabin faɗi, tsawonsa rabin kewaye. Rabin kewaye kuwa pi ne sau rabin faɗi. Daga nan ƙa'idar ta fito. Haka Muhammadu bn Musa Al-Khawarizmi, malamin Bagadaza a ƙarni na 9, ya kawo ta a babin awo na littafinsa na Aljabru wal Muƙabala: a buga rabin faɗi da rabin kewaye. Bayansa, a shekarar 1424, Jamshid Al-Kashi na Samarƙandi ya lissafa ninkin pi har gurbi 16 bayan waƙafi. Ilimin nan malamanmu sun yi masa hidima.

Misali daga aikin gida: rabin faɗi santimita 7. Bakwai sau bakwai 49. Sai 49 sau 22/7, ya ba da 154. Amsa: santimita murabba'i 154. Kewayen wannan da'ira kuwa santimita 44 ne. Ka ga lissafi biyu ne daban, kada ka haɗa su. Kuma kada ka manta da rubuta «murabba'i», don fili ake aunawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar faɗi gaba ɗaya a matsayin rabi. A takarda maki ake rasawa, amma a aiki kuɗi ne ke tafiya. A ce kwamitin masallaci zai daɓe wurin alwala mai zagaye, faɗinsa mita 6, magini ya ce kowace mita murabba'i jika biyar. Rabin faɗi mita 3. Uku sau uku 9, sau 3,14, ya zama 28,26. Kuɗin aiki sefa 141.300 ke nan. In aka yi kuskure aka buga 6 sau 6, sai a samu 113,04, kuɗi ya tashi sefa 565.200. Ninki huɗu! Wannan kuwa sadakar jama'a ce, amana ce a wuyan ma'aji, kuma za a tambaye shi.

Daga nan a riƙe wani abu: in faɗin da'ira ya ninka biyu, filinta ninki huɗu yake yi. Ɗaki mai zagaye na mita 8 yana cin simintin daɓe na ɗakuna huɗu masu mita 4.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, kafin ka taɓa alƙalami ka tambayi kanka: faɗi aka ba ni ko rabinsa? In faɗi ne, raba shi biyu tukuna. Sannan ka buga rabin da kansa, ka buga da pi, ka rubuta murabba'i.

Ga gwaji ku kawo wa malam ranar Asabar: murfin rijiya mai faɗin mita 2, nawa ne filinsa? Kowa ya yi da hannunsa, banda kwafe na abokinsa.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu zama masu riƙon amana. Amin.